Daraktan Riƙe Caja

Kwamfutata mutuniyar kirki ce in ka cire halinta guda biyu. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sannan ba ta karɓar caji sai an lallashe ta. In ka cusa kan caja a raminsa ka sake shi, ko kallo ba ka ishe ta ba. Sai ka ɗan ɗaga shi sama, ka karkata shi hagu kaɗan, ka tsaya cak kamar wanda ake ɗauka hoto, sannan wata 'yar fitila da ke gefenta ta kama. Ka kuskura ka yi atishawa, fitila ta mutu, kwamfuta ta bi bayanta, duk abin da kake rubutawa ya bi ruwa.

Ni kuwa da ita nake ci. Aikina amsa saƙonnin kwastomomin wani kamfanin kai kaya, kuma ofishina teburin cin abincin da ke falon gidanmu. Tun safe har la'asar mutanen da ban taɓa gani ba suke wanke ni tas a kan kayan da ban taɓa taɓawa ba, ni kuma ina amsa musu cikin ladabi. Babu dabarar da ban yi wa cajar nan ba. Na tokare ta da littattafai, na ɗaure ta da roba, na naɗe ta da salatif har ta yi ƙiba, na cusa mata cokalin shayi a ƙasa. Kowace dabara takan yi aiki har sai na yaba mata. Daga ƙarshe na haƙura, hagu na riƙe da caja, dama na rubutu da yatsa biyu, kwastoma na can yana tambaya ko barci nake yi.

A lokacin Baba yana ɗaki. In na ce yana ɗaki, ba shiga da fita nake nufi ba. Mutumin nan Darakta ne guda a ma'aikatarsu, mai direba da sakatare, wanda in ya yi gyaran murya a bakin ƙofa ake miƙewa tsaye. Da ya yi ritaya sai ya ajiye wayarsa a kan gwiwa yana jiran a kira shi neman shawara. Ba a kira ba. Ya fara daina sa takalmi, daga nan ya daina sa hula, daga nan ya daina magana. Mama takan kai masa abinci, ta je ta ɗauko shi yadda ta kai. Mun ja shi asibiti, likita ya auna ko'ina ya ce lafiyarsa ƙalau, har ya fi mu. Ba na ɓoyewa, tsoro nake ji. Kullum in zan tura ƙofar ɗakin nan sai gabana ya faɗi.

Wata safiya ya fito shan ruwa, ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallon yadda nake fama. Sai na ji muryar da na manta kalarta.

"Wane irin aikin banza ne wannan? Mutum ɗaya, aiki biyu?"

Na yi masa bayani. Ya ja kujera, ya ce in matsa hannuna. Ya kama kan cajar da yatsa uku, ya ɗaga, ya karkata, fitila ta kama. Na ce na gode, bari in ƙarasa wannan saƙon kawai. Ya gyara zama. Har aka tashi aiki bai saki ba, kuma ranar ya cinye abincin rana har ya tambaya ko da saura.

Washegari kafin in fito ya riga ni. Yana zaune ya sha guga, hula a kai, takalmi na sheƙi, ya ɗauko babbar kujerarsa ta gaban talabijin ya girke ta a gefen tebur. Ya dubi agogon hannunsa, ya dube ni. A gidan ubana, a falon da na yi rarrafe, na ji kunyar makara.

Kafin mako ya zagayo riƙe caja ya zama ma'aikata. Baba ba ya aiki babu tsari, don haka ya kafa doka. Da safe shi zai fara kama kan caja, ya daidaita, ya ce a ba da wuta, sannan in kunna soket. In za a tashi, sai na adana aikina, na kashe kwamfuta, na kashe soket, sannan ya buɗe yatsunsa. Ko bayi zai zagaya sai an bi wannan tsarin daga farko har ƙarshe. Sau ɗaya Mama ta ce ya kawo ta karɓe shi ya huta. Ko minti ba ta yi ba fitila ta mutu, nan take ya sallame ta daga aiki, ya ce ba ta da horo. A gida Uwata yake kirana, amma da zarar wuta ta kama na koma Malama.

Bai tsaya a riƙo ba. Yana karanta saƙonnin ta gefen ido yana yanke hukunci. Wannan a ba shi haƙuri, wancan maƙaryaci ne, kayansa sun iso ya ɓoye. Wata mata da ta rubuto zagi shafi guda, ya ce a bar ta, ba da mu take ba, da mijinta take. Abin haushin, sau da yawa gaskiyarsa ce. Kumatunsa suka dawo. Ya koma yi wa Mama ƙorafin gishiri, ita kuwa ta shiga kicin tana share hawaye don murna.

A kicin ɗin ne ta ritsa ni wata rana, ta tura ƙofa, ta rage murya.

"Ke, abin nan naki, kada ki kuskura ki gyara shi."

Na ce ai ban da niyya. Ta ce niyya ba ta isa ba, in sa ido a kan ƙanina.

Ƙanina shi ne Injiniya. Bai karanta injiniyanci ba, sunan ya samo shi tun yana ƙarami, ranar da ya kwance rediyon Baba ya kasa mayarwa. Yana zaune da matarsa a wata unguwa, amma duk abin da ya lalace a gidanmu yana jin ƙanshinsa daga can. Ya shigo ya ga mahaifinsa, tsohon Darakta, riƙe da igiyar caja kamar mai jan akuya, sai ransa ya ɓaci. Ya nannaɗe hannun riga. Ya ce a canza soket, aka bi tsari aka canza. Ya ɗauki adaftar, baƙin akwatin nan da ke tsakiyar igiya, ya taɓa ya ji ko ta yi zafi, ya kai hanci ya shinshina ko ta ƙone, ya kara a kunne ya girgiza. Ya bi igiyar da yatsa yana lanƙwasa ta gaɓa-gaɓa ko ta karye a ciki. Ya haska ramin caji da fitilar wayarsa, ya hura, ya zura tsinken sakace ya fito da wata 'yar ƙura ya nuna wa kowa kamar ya ciro harsashi. Daga ƙarshe ya miƙe ya sanar da cewa ko dai kan cajar ne ya cinye, ko ramin ne ya saki, kuma ko wanne ne aikin yini ɗaya ne a kasuwa, Baba ya huta.

Na dubi Baba. Yatsunsa uku na nan inda suke, amma fuskarsa ta koma irin ta kwanakin ɗaki.

"An ji shawararka," in ji shi. "Za a duba."

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Baba ya san ma'anar za a duba. Injiniya bai taɓa ba. Bayan kwana biyu sai ga shi da sabuwar caja mai kawuna barkatai, an jera su a leda kamar makullan mai gadi, ya ce dole ɗaya ya dace. Ya ci sa'a ko rashin sa'a Mama ce ta buɗe masa ƙofa. Ta karɓa, ta sa masa albarka, ta ce Babansu na aiki ba a shiga. Da yamma maƙwabciyarmu ta aiko da godiyar kyautar caja. Da Injiniya ya bi sawu, Mama ta ce wallahi ita ta ɗauka ta injin aski ce. Ya zo mini da fushi, ya ce Yaya, ke da kike da ilimi, ya za ki bar tsoho yana wannan wahalar. Na ce za a duba.

Haka muka yi watanni, gida ɗaya cif yana gadin lalacewar caja kamar dukiyar gado. Ni dai na samu hannuna biyu, aiki ya yi sauri, har shugabarmu ta yaba mini a gaban sauran ma'aikata. Na gaya wa Baba, ya gyaɗa kai ya ce ba wani abu ba ne, tsari ne.

Sai fitila ta fara ƙiftawa.

Da farko sau ɗaya ne a yini, ta lumshe ta dawo kafin kwamfuta ta ankara. Daga baya ta fara ɗaukewa gaba ɗaya. Ina tsakiyar amsa wa wani mutum da tukwanensa suka ɓace, sai fuskar kwamfuta ta yi baƙi, na ga tawa fuskar da ta Baba a ciki. Baba ya kafa bincike. Ya ce ƙafar tebur ce ba ta zauna daidai ba, aka naɗe takarda aka cusa. Ya ce iskar fanka ce, aka kashe fanka muka zauna muna gumi. Ya ce takun Mama ne ke girgiza ƙasa, aka hana ta ratsa falo a lokacin aiki, ta koma zagayawa ta ƙofar baya da tire a hannu. Duk da haka ranar da shugabarmu ta tara mu taro ta bidiyo, ana zuwa kaina, na buɗe baki ke nan, komai ya mutu. Da na dawo ta riga ta rubuto mini cewa ta gaji da labarin caja, in ya sake faruwa in nemi wani aikin.

Ranar biro ya faɗi, na sunkuya ɗauka, sai na ga abin da binciken Baba bai gano ba. A ƙarƙashin gefen tebur ya sa hannun hagu ya damƙe wuyan hannun dama, ya matse shi har jijiyoyi sun fito, amma hannun na rawa a hankali kamar ba nasa ba. Na ɗauki birona na tashi. Shi ma bai dube ni ba, ya ce yana zargin soket ɗin ne.

Muka sake zaman kicin ni da Mama. In ba a gyara ba, na rasa aiki. In aka gyara, Baba ya rasa nasa, ya koma ɗaki, kuma mu biyun mun san wannan karon ba lallai ya fito ba. Mama ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe, sannan ta ce ai ba dole ba ne duk abin da aka gyara a sanar.

Ranar hutu na sa kwamfuta a jaka, na rufe ta da mayafi, na ce zan je gaishe da ƙawata. Layin masu gyara a kasuwa matsattse ne, kowace rumfa an rataye matattun cajoji a bakinta, ga ƙaurin dalma ko'ina. Na zaɓi wani mai furfura da ba ya kiran mutane. Ya ɗora wa adaftar ma'auninsa ya ce lafiyarta lau, ita ce ma mai gaskiya a cikinsu. Ya kwance bayan kwamfutar, ya nuna mini da bakin sukundireba inda ƙafafun ramin cajin suka rabu da allon ciki, suna taɓawa suna saki. Ya ce zai sa sabon rami ya like, ya canza fasasshiyar robar bakin, ya sa batir, sannan wannan igiyar mai kama da ƙafar da aka ɗaure a asibiti a jefar da ita.

Na ce a'a. Ya gyara ciki kawai. Robar bakin ya bar ta a fashe yadda kan caja zai ci gaba da lilo. Igiyar da salatif ɗinta a bar mini kayana. Batir kuwa ba na so, don in aka ɗauke wuta kwamfuta ta ƙi mutuwa, asiri ya tonu.

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Anti, so kike ta gyaru, ko so kike ta lalace?"

"So nake ta gyaru, amma kada ta nuna."

Ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a, ya ga masu son a yi wa tsohuwa kwalliya ta zama kamar sabuwa don su sayar, amma bai taɓa ganin mai son lafiyayya ta yi kama da mara lafiya ba. Ya tambaya ko gardama muka yi da wani. Na ce ta mahaifina ce. Bai gane ba, amma ya daina tambaya. Ya yi aikin yana tsaki, yana tura kan cajar yana jin yadda yake lilo, ransa na ƙuna. Da zai miƙo mini sai ya roƙe ni alfarma ɗaya, in wani ya tambaya wa ya yi wannan aikin, kada in nuna rumfarsa.

Tsarin Baba shi ya rufa mana asiri. Tunda ba a ba da wuta sai ya kama, kuma ba ya saki sai an kashe, babu lokacin da zai ga fitila na ci babu hannunsa. Safiyar farko ya kama, ya ɗaga, ya karkata, ya ce a ba da wuta. Fitila ta kama ta tsaya ƙyam. Ta yini ba ta ƙifta ba. Da aka tashi ya ce ya faɗa mana tun farko, takardar da aka cusa a ƙafar tebur ce sai yanzu ta zauna. Aka mayar da fanka bakin aiki, aka ɗage wa Mama takunkumi. Ni da ita muka haɗa ido muka ji mun fi kowa wayo a duniya.

Hannun dai bai san an yi gyara ba. Ya ci gaba da rawarsa, har ya ƙara. Shayi ya fara zuba a kan riga mai guga. Maɓallin wuya ya gagara, sai Mama ta sa masa, tana yi kamar wani zare take cirewa. Cokali kan isa baki da rabin abin da ya ɗebo. A tebur kuwa kan cajar kaɗawa yake yi a fili, har igiyar na buga gefen kofina, fitila kuma na nan fara tas ko gezau.

Mama ta ce a je asibiti. Baba ya yi dariya, irin ta manya, ya ce wane asibiti. Ya ce ga na'ura nan a gabansa wadda atishawa ke kashewa, wadda ta fi duk wani abin awon likita laushin ji, kuma ta shaida cewa hannunsa bai taɓa kaucewa ba. In da rawa yake yi, da fitila ta faɗa. Mama ta turo Injiniya ya yi masa magana, wanda shi ne kuskurenmu na biyu, don ba mu sa shi a cikin sirrin ba. Ya zo ya tsuguna, ya ƙura wa hannun ido, ya ƙura wa fitilar ido, ya daɗe. Ya tashi ya ce ikon Allah. Ya ce a iliminsa, mai yiwuwa wannan 'yar girgizar ita ce ma take sa ƙarfe ya haɗu da ƙarfe sosai. Baba ya ce ka ji mai ilimi. Tun da aka haifi Injiniya ranar ce Baba ya fara yarda da maganarsa.

Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba. Mun gyara caja don kada ya koma ɗaki, ga shi cajar ta zama likitansa, tana ba shi takardar lafiya kullum da safe. Yana ramewa ta wani gefen, tafiyarsa ta zama gajeru-gajeru, in zai tashi daga kujera sai ya yi yunƙuri biyu. Duk wanda ya ce asibiti, sai ya nuna masa fitila.

Wata safiya kofin shayi ya kuɓuce masa gaba ɗaya, ya ƙone shi a cinya. Mama ta fito da mayafinta da jakarta, ta tsaya a kansa, ta ce yau ko ya tashi ko ta kira maƙwabta su ɗauke shi. Ya canza wando, ya dawo ya zauna, ya kama kan caja.

"Ranar da fitilar nan ta ƙifta a hannuna, ki kira mota. Kafin nan ina bakin aiki. Malama, a ba da wuta."

Na ba da wuta. Mama ta koma bakin ƙofar kicin, inda yake ba ta baya, ta dube ni, ta nuna soket da haɓa, ta motsa ƙafarta. Na gane. Soket ɗin na ƙasa, kusa da ƙafata. In na taɓa filogin da ɗan yatsa ya ɗan zame, fitila za ta mutu, Baba zai ɗauka hannunsa ne, a tafi asibiti. Zai ji ciwo, amma ciwo ɗaya ne. Ƙarya ta kawo mu nan, wata ƙaryar ta fitar da mu, lissafin ya yi daidai.

Na jira saƙonni suka lafa. Na zare takalmi a hankali. Idona a kan kwamfuta, yatsuna na buga abin da ba shi da ma'ana, ƙafata na lalube. Na taɓa bango, na taɓa igiya, na kusa.

"Me ƙafarki take nema a can?"

Na ce ƙaiƙayi take yi. Mutumin da ya shekara talatin yana kama masu satar fita kafin a tashi aiki ba a yi masa wannan. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ga babban yatsana a kan filogi. Ya juya ya ga Mama da mayafi a bakin ƙofa, ta kasa ko kawar da kai. Ya dawo da idonsa kan hannunsa, ya daɗe yana kallon yadda yake kaɗawa, yadda igiyar ke bin sa, yadda fitilar ba ta damu ba. Ina ganin lokacin da lissafin ya haɗu a fuskarsa.

Ban adana aiki ba, ban kashe kwamfuta ba, ban kashe soket ba. Baba ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya janye hannun ya ɗora a cinya. Kan cajar ya sunkuya ƙasa a fasasshiyar robarsa, ya yi lilo ya tsaya. Fitila na ci. Wani sabon saƙo ma ya shigo da 'yar ƙararsa.

"Tun yaushe?"

Na ce tun bayan taron nan da ta mutu. Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ramin ne ko igiyar, na ce ramin ne, ƙafafunsa suka saki. Ya ce ya yi zargin haka. Ya miƙa yatsa ya taɓa kan cajar, ya tura shi hagu, ya tura shi dama, ya ce ko wane ne ya yi aikin, ya iya. Na so ya yi faɗa. Na so ya buga tebur ya kore mu duka daga aiki, amma muryarsa ƙalau take, har da ladabi. Mama ta fara cewa don lafiyarsa aka yi, ya ɗaga mata hannun, ya ga yadda yake rawa a sama, ya mayar da shi.

Ya yi yunƙuri biyu ya tashi. Ya kama babbar kujerar zai mayar gaban talabijin, na taso in taya shi, ya ce in zauna, kwastoma na jira. Da kansa ya ja ta, tana ƙara a ƙasa, har ya kai ta inda take a da. Ya ce wa Mama ta kira motar. Ta fita da sauri tana laluben waya a jaka, kamar mai tsoron kada ya canza magana.

Ya gyara hularsa a madubin bakin ƙofa. Na ce Baba, ka yi haƙuri. Bai juyo ba, ta cikin madubin ya dube ni.

"Ba komai, Uwata, na saba. A ofis ma shekarata biyu ta ƙarshe takardun da aka riga aka gama da su ake kawo mini in sa hannu. Na sani, ina sa musu." Ya kai hannu yana neman maɓallin wuyansa. "Su dai ban haife su ba."

Mota ta yi ƙaho a waje. Ya bar maɓallin a buɗe ya fita.